Kwale-kwalen da Ruwa Ya Kawo wa Yaya

Ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji huɗu darasi sai wayata ta fara ruri a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma ta katse ta sake shigowa, ta kuma katsewa ta sake shigowa, har yaran suka bar kallon allo suka koma kallon jakar. Na fita baranda na ɗauka. Matar yayana ce, daga ƙauyenmu da ke can gefen Guri, tana magana numfashinta na sarƙewa.

"'Yan sanda sun zo, sun tafi da Kawu."

"Wane Kawun?"

"Kawu dai, namu na gida."

Kawun nan ƙanin mahaifiyarmu ne. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ba ya gani, kuma tun rasuwar matarsa yake zaune a gidan Yaya. Saƙar tabarma da jan carbi, shi ke nan aikinsa. Na tambaye ta me ya yi. Ta ce bai yi komai ba, Yaya suka zo nema, aka ce musu ya tafi Malam Madori sayo taki, sai suka ce to tsoho ya biyo su Hadejia, in Yaya ya dawo ya je ya karɓe shi. Ta ce har kwale-kwalen sun ɗora a bayan a-kori-kura sun tafi da shi.

Da ta ambaci kwale-kwale sai na gane daga inda maganar ta taso, duk da ban gane yadda ta kai ga 'yan sanda ba.

A daminar da ta wuce kogi ya cika ya batse, ya haye gonakin shinkafar ƙauyenmu har ya shiga wasu gidaje. Wata safiya Yaya ya ratsa ruwa iya ƙirji don ya ga abin da ya rage na gonarsa, sai ya tarar da kwale-kwale maƙale cikin kachala, wannan doguwar ciyawa da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Ba kowa a ciki, ruwa ya kusa cika shi, ga guntuwar igiya tana reto a goshinsa. Ya kwashe ruwan da hularsa ta malfa, ya turo shi gida. A ranar ya gaya wa bulama, mai garinmu. Aka yi cigiya a masallaci bayan sallar Juma'a, aka kuma yi ranar kasuwa. Ba wanda ya zo.

Jirgin nan ya yi wa ƙauyenmu rana. Da shi aka kwashe hatsi daga rumbunan da suka jiƙe, da shi aka fitar da wata mai naƙuda zuwa bakin titi, a cikinsa Yaya ya zauna ya yanki kan shinkafar da ta leƙo saman ruwa. Ni ma da na je jaje a cikinsa ya ɗauko ni, ina riƙe da gefe ina salati yana mini dariya. Da ruwa ya ja baya ya toshe wuraren da ke yoyo, ya samo ragowar koren fenti da aka shafa wa ƙofar masallaci ya shafe shi tas. Ranar kasuwa yakan yi fito da shi a mashigi, mutane suna ba shi ɗan abin da ya samu.

Wata ranar kasuwa wani masunci daga nan bakin kogin Hadejia ya je sayar da bandar kifi, ya shiga jirgin Yaya zai haye. Suna tsakiyar ruwa ya sunkuya yana shafa wani tabon ƙuna a ƙasan jirgin, inda kaskon garwashinsa ya taɓa kifewa. Ya ɗago ya ce jirginsa ne. Yayana mutum ne mai gaskiya, amma bakinsa ba ya jira. Ya ce in nasa ne ya kawo shaidu gaban bulama a ba shi. Mutumin ya ce, "Ni zan kawo shaidu a kan kayana?" Da suka isa gaɓa kuma, don sabo, Yaya ya miƙa masa hannu yana jiran kuɗin fito. Mutanen da ke jirgin suka fashe da dariya. Dariyar nan ce, ina jin, ta kai maganar ofishin 'yan sanda, ba jirgin ba.

Na nemi izini wurin shugaban makaranta na hau babur. A tsawon zamana a Hadejia ban taɓa taka caji ofis ba, wucewa kawai nake ina kawar da kai. Na tarar da Kawu zaune a kan benci bayan kanta, an sa ya cire takalmi, hularsa a hannu yana juya ta. Da ya gan ni ya ce, "'Yar nan, kin zo? Tambaye su ko na yi wani abu ne ban sani ba."

Sajen da ke riƙe da maganar mutum ne mai fara'a, ya amsa gaisuwata da kyau. Na ce na zo ne a kan tsohon da aka kama.

"Malama, ba kama shi muka yi ba. Muna tare da shi ne."

"To zai iya tafiya gida?"

"A'a, sai wanda muke nema ya zo."

"To ai kama shi aka yi ke nan."

"Da kama shi muka yi da yana ciki. Kin gan shi a ciki?"

Na dubi Kawu, lallai ba a ciki yake ba, amma kuma ba a waje yake ba. Na fita ƙofar ofishin na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, na rasa wanda zan kira. Sai na tuna abokiyar aikina da ajinta ke jikin nawa, 'yar kudancin Kaduna, ta taɓa ce mini ƙanwarta lauya ce a Dutse. Na kira ta, ta turo mini lambar. Lauyar yarinya ce ƙarama a murya, tana kirana Anti, tana Hausa irin tasu mai sauri. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce doka ta hana a tsare mutum a madadin wani, ko ubansa ne, ko ɗansa, ko matarsa. Wanda ake zargi shi ake nema. Ta ce in koma in faɗa musu haka, amma cikin ladabi, ban da ɗaga murya.

Na koma na faɗa. Saje ya ajiye bironsa ya dube ni. "Wa ya gaya miki?" Na ce lauya. Ya tashi ya shiga wani ofis can ciki, ya daɗe, ya fito ya ce tsoho ya sa takalminsa. Kawu yana laluben takalmin ke nan sai ga Yaya ya shigo, gumi sharkaf, da buhun taki rabi a kafaɗa, don labari ya iske shi a hanya, daga tasha ya wuto kai tsaye. Har yau ban san abin da ya saki Kawu ba, maganar lauya ce ko an hango Yaya ta taga.

Aka zaunar da Yaya a ba da bayani. Ni ina gefe. Ba abin da ya ɓoye: shi ya tsinci jirgin, shi ya shafa fenti, yana fito da shi, ana ba shi kuɗi. Yana faɗa da Hausa, Saje yana rubutawa da Turanci, Yaya ya yi magana mai tsawo, a rubuta layi ɗaya. Maganar cigiya kuwa sau uku yana maimaita ta, ban ga biro ya motsa ba. Aka gama ya dangwala yatsa. Da na gaya wa lauya daga baya sai ta ja numfashi. Ta ce yana da damar ya ce ba zai yi magana ba sai da lauya a kusa, kuma duk abin da aka rubuta sai an karanta masa da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Na gaya wa Yaya. Ya ce, "In yi shiru? Ai sai su ce ɓarawo ne ni da gaske." Ni ma haka na gani.

Sai maganar beli. A jikin bangon ofishin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, kuma gaskiya ba wanda ya nemi komai a hannuna, sai dai duk wanda na gamu da shi a ƙofa yakan matso ya raɗa mini cewa in shirya. Ban san me zan shirya ba, ban kuma san wa zan ba. Saje ya ce a kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya wa Yaya. Na yi murna, don a duk zuriyarmu ni kaɗai ke karɓar albashi. Na ce ga ni.

"Mace ba ta tsayawa."

Na sake fita gindin darbejiya. Lauya ta ce babu wannan a doka, mace tana tsayawa kamar yadda namiji ke tsayawa. Na dawo na faɗa. Saje ya ce shi bai ce doka ba ce, tsari ne. Na ce mene ne bambancin doka da tsari? Ya yi murmushi ya ce babbansu ya fita, sai gobe. Yaya ya kwana a ciki. Washegari na zo da maigidana, wanda tela ne a kasuwa, ba ma'aikaci ba. Babban nasu ya dube mu ya ce mu tsaya mu biyu, ni don ina aikin gwamnati, shi don namiji ne. Muka sa hannu, aka ba mu Yaya, rigarsa a baibai, sauro ya faffasa masa goshi.

A hanya wata mai sayar da ƙosai da ta ga shige da ficena ta ce mini, "Malama, kin san abin da kika ɗauka? In ya gudu ke za a rufe." Maganar ta dame ni, ba don ina tsoron Yaya zai gudu ba, sai don jiya-jiyan nan aka ce mini ba a tsare wani a madadin wani. Lauya ta ce ba haka ba ne, alkawari na yi zan kawo shi duk ranar da aka neme shi, in na kasa sai in yi wa kotu bayani, ana iya cin tarar da na amince da ita. Na ce wace tara? Ta ce tana jikin abin da na sa wa hannu. Ni kuwa ban karanta ba. Ni da nake dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa.

Yaya ya zauna a gidana kwanakin nan, don ana nemansa a ofis kusan kullum. Ba ya cin abinci sosai. Tambaya ɗaya yake yi wa duk wanda ya shigo gaishe shi: wanda ya tsinci abu a ruwa ɓarawo ne? Kowa da amsarsa. Maƙwabcinmu direba ya ce abin da ruwa ya kawo maka rabonka ne, ba mai iko da shi. Maigidana ya ce da bai shafa fenti ba da ba komai. Muka je wurin limamin unguwarmu, ya ce tsintuwa amana ce, ana cigiyarta shekara guda a inda ake zaton mai ita zai ji, in ya zo ya faɗi alamarta a ba shi. Yaya ya ce to fitar da mai naƙuda fa? Liman ya ce wannan lalura ce, har lada ya samu. Fito ranar kasuwa fa? Liman ya shafa gemu ya ce a nan kam akwai magana.

Lauya kuma ta zo da nata. Na sa wayar a amsa-kuwwa muka zauna a tsakar gida muna ji. Ta ce sata ita ce ka ɗauke abu daga hannun mai shi ba da yardarsa ba. In ruwa ne ya ƙwace jirgin, to Yaya bai yi sata ba. Yaya ya ɗaga hannu ya ce alhamdulillahi. Ta ce ya dakata. Akwai wani laifin daban, na wanda ya tsinci kayan wani ya mai da su nasa ba tare da ya yi ƙoƙarin da ya kamata na neman mai su ba. Yaya ya ce ai an yi cigiya. Ta ce cigiyar za ta taimake shi ƙwarai, amma alƙali zai iya tambaya: ruwan daga ina yake zuwa? Daga Hadejia yake gangarowa. To me ya sa aka yi cigiya a inda jirgin ya tsaya, ba a aika inda ya fito ba? Me ya sa ba a gaya wa 'yan sanda ba? Fentin kuma, wani zai ce gyara ne, wani zai ce ɓoye kama ne.

"To yanzu, 'yata, na yi laifi ko ban yi ba?"

"Baba, ba ni zan faɗa ba, kotu ce."

Ga kuma wata. Mai jirgin ya gaya wa 'yan sanda cewa igiyar da ya ɗaure jirginsa ba tsinkewa ta yi ba, yanke ta aka yi da wuƙa. Lauya ta ce a nemo guntuwar igiyar, bakinta zai nuna. Aka buga waya ƙauye. Matar Yaya ta ce ai tuni aka ɗaure akuya da ita, akuyar kuma ta tauna ta.

Bulama ne ya taso takanas daga ƙauye ya nemi mai jirgin, muka zauna a zauren gidana. A ranar na fara ganin mai jirgin da kyau: siriri, baƙi, tafin hannunsa duk kaushin jan komar kamun kifi. Ba mugu ba ne. Ya ce jirgin nan shi ne gonarsa, shi ne shagonsa, tun da ya ɓace yake bin jirgin wani ana raba kamu. Bulama ya rantse masa an yi cigiya, ya ba shi labarin mai naƙuda, ya ce yaron da aka haifa yana nan yana rarrafe. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe. Can ya ce shi ba abin da ya ƙona masa rai kamar a nemi kuɗin fito a wurinsa a cikin jirginsa. Yaya ya ce wallahi hannunsa ne ya saba, ya ba shi haƙuri. Mutumin ya ce maganar wuƙa ma zato ne ya yi, bai gani ba. Ya ce ya yafe, a ba shi jirginsa kawai. Aka yi fatiha, na kawo kunun tsamiya, na ce a raina an gama.

Washegari muka ɗunguma ofis gaba ɗaya. Mai jirgi ya ce wa Saje ya janye.

"Ai ka makara, Malam. An riga an tura kotu. Yanzu ƙarar ba taka ba ce, ta gwamnati ce."

"Jirgin nawa ne ko na gwamnati?"

"Jirgin naka ne. Ƙarar ce ta gwamnati. Kai shaida ne."

"To a ba ni jirgin."

"Shi ma jirgin shaida ne. Ba ya fita sai alƙali ya ce."

Mutumin ya juyo ya dube ni, wai ni malamar makaranta ko zan fassara masa. Na sunkuyar da kai.

Jirgin yana bayan ofishin, an kife shi tsakanin wata mota da ta yi haɗari da tarin babura masu tsatsa. Rani ya shigo, rana tana dukansa tun safe har yamma. Jirgin katako in ya bar ruwa bushewa yake, allunansa su rabu. Mai jirgi ya shafa wata tsaga da ta fara buɗewa. Yaya ne ya roƙi Saje a bar su su riƙa zuba masa ruwa. Daga nan duk ranar da Yaya ya shigo gari sai su haɗu su biyu, mai ƙara da wanda ake ƙara, kowa da bokiti, suna ɗiba daga famfon masallacin ofishin suna kwarara wa jirgin, su lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. 'Yan sanda suna kallo suna dariya. Wani kurtu ma yakan taya su.

Kotun majistare aka kai mu. Kawu ya tambaye ni me ya sa ba kotun shari'ar Musulunci ba, tunda dukkansu Musulmi ne. Na tambayi lauya, ta ce duka biyun suna iya sauraron irin wannan, ya danganta da inda aka shigar. Wa ke zaɓa? Ta ce galibi masu shigarwa. Ban ƙara tambaya ba, kaina ya riga ya cika. Ta yi niyyar zuwa da kanta amma tana da wata shari'ar a ranar, sai ta yi wa Yaya gargaɗi ɗaya: kada ya amsa abin da bai fahimta ba don kawai a gama da wuri, don wanda ya amsa laifi a nan take ake iya yanke masa hukunci.

Ɗakin kotun bai kai ajina girma ba. Aka kira Yaya ya shiga akwati, aka karanta da Turanci, tafinta ya juya: wai ya mallaki jirgin wani ta hanyar rashin gaskiya, ya yi amfani da shi don kansa. Ban ji kalmar sata ba, alhali da ita aka kama shi. Ban san a ina ta faɗi ba.

"Haka ne ko ba haka ba ne?"

Yaya ya ce, "Rabi haka ne, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya har ɗan sandan kotu ya tsawatar. Alƙali ya dube shi ta saman tabarau, ya ce a nan ba a amsa rabi. Yaya ya ce to ya yi amfani da jirgin, amma rashin gaskiya bai yi ba. Alƙali ya rubuta, tafinta ya ce an ɗauka bai amsa ba. Mai jirgi ya miƙe daga baya ya ce shi fa ya yafe, aka ce ya zauna, lokacinsa bai yi ba. Sai kuma aka ce a kawo mai tsaya wa Yaya. Na ce ai na riga na tsaya. Aka ce wancan belin 'yan sanda ne, ya ƙare tun da aka shigo nan, wannan na kotu ne. Na sake tsayawa. A nan ba wanda ya ce mini komai a kan zamana mace, kuma wannan karon na karanta kafin in sa hannu, sai dai rabin Turancin ban san shi ba.

Aka ɗage. Ranar da muka koma alƙali ya tafi taro. Wata ranar mai gabatar da ƙara ne aka yi wa canjin wurin aiki, sabon bai ga fayil ba tukuna. Kowane zuwa Yaya sai ya bar gonar rani ya biyo mota tun asuba, ni in nemi izini a makaranta, mai jirgi ya bar ruwa. Mukan zauna mu uku a kan dakalin kotu muna cin gyaɗa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne.

Lauya ta ce irin wannan laifin yana cikin waɗanda doka ta yarda a yi sulhu a kansu, amma a gaban alƙali, ba a zaure ba. Na ce to ba an ce ƙarar ta gwamnati ce ba? Ta ce ta gwamnati ce, amma a ƙananan laifuka ana jin ta bakin wanda aka yi wa, a manya kamar kisa ko fashi kuwa ko ya yafe ba a tsayawa. Ta koya mana yadda za mu gaya wa mai gabatar da ƙara tun kafin a zauna. Muka yi haka.

Ranar ƙarshe ana zafi, an kunna janareta a bayan taga yana ta ƙara. Aka kira mai jirgi, ya ce ya yafe don Allah, ba wanda ya tilasta shi. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya yi magana da Turanci, na tsinci wani abu kamar janyewa. Alƙali ya daɗe yana rubutu, ya karanta da sauri kansa a ƙasa, a nan kuma na ji kamar ya ambaci sulhu. Tafinta ya taƙaita duka a jimla biyu: "An sallame ka. Mai jirgi a ba shi jirginsa."

Muna fitowa Yaya ya yi sujada a kan yashi. Na kira lauya ina murna. Ta taya mu murna, sannan ta ce, "Anti, wace sallamar?" Na ce sallama kala nawa ce? Ta ce biyu. Akwai wadda kotu ke wanke mutum, maganar ta mutu har abada. Akwai kuma wadda ake cewa je ka kawai, ba a ce ka yi ba, ba a ce ba ka yi ba, in an ga dama ana iya sake tado da ita. In sulhu alƙali ya karɓa, to kamar ta farkon ce. In janyewa aka yi tun ba a saurari shaidu ba, tana iya zama ta biyun. Na ce ni duka biyun na ji. Ta ce a koma wurin rajistara a tambaya. Na gaya wa Yaya, ya ce ko da ɗaure shi za a yi ba zai sake taka harabar nan ba, ni ma kada in je in tuna musu da shi. Ban je ba.

Jirgin ya fita bayan an sha wani zagayen na sa hannu. Duk da ruwan da suka yi ta zuba masa, alluna biyu sun tsage, sai da aka sauya su. Yaya ya kawo katako daga ƙauye, mai jirgi ya nemo kafinta. Koren fentin bai kankare ba, ya ce ya fi kyau a haka.

Bayan shekara ko fiye, manoman shinkafar ƙauyenmu suka tashi kafa ƙungiya don karɓar iri da injin ban ruwa, aka sa sunan Yaya a masu neman shugabanci. Ana tsakiyar taro ya kira ni, ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Auta, wani ya miƙe ya ce wanda aka taɓa kamawa ba ya shugabanci. Wai an ce a tambayi kowa ko kotu ta taɓa samunsa da laifi. Me zan ce?"

Na ce kamu daban, samu da laifi daban, wannan kam na riƙe shi. Kotu ba ta ce ya yi laifi ba.

"To ta ce ban yi ba?"

Na ce wannan ne ban koma na tambaya ba. Ya ce bari ya je ana kiransa. Da yamma matarsa ta gaya mini abin da ya faɗa wa taron: an kama shi, ya kwana a ciki, an kai shi gaban alƙali, an ce ya tafi gida, iyakar abin da ya sani ke nan, wanda ya fi shi sani ya tashi ya yi bayani. Ba wanda ya tashi. Shugabancin dai wani aka ba, Yaya kuma aka ba shi ajiyar injin.